Hawan jini: Yadda kwalbar jika 30 ta raba kawuna da maganinsa a Abijan

Kwana biyu da saukata a Abijan, babban birnin kasuwancin Kwaddebuwa, kawuna ya sa aka ɗauko masa wata kwalba daga cikin durowa ya miƙo mini cikin alfahari. Fara ce tas, da hoton koren ganye da jar zuciya a jikinta, a ciki kuma kafso 60.

"Ɗana, ka ga wannan? Tun da na fara shan ta na sallami likitoci. Jika 30 nake sayen ta duk wata."

Jika ɗaya a lissafin mutanen Nijar da na Abijan sefa 1,000 ke nan. Kwalbar ta tashi a sefa 30,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi bai wuce sefa 75,000 ba tun farkon shekarar 2023.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Ya baro ƙauyensu a jihar Maraɗi lokacin farin 1973 yana saurayi. Ya yi dako a tashar jirgin ruwa, ya yi tallan garba, daga baya Allah ya buɗa masa ya shiga harkar albasar Galmi da ake saukewa a Adjamé, wadda mutanenmu ke kira Ajame. Gidansa yana Treichville, Tireshbil a bakin Hausawa, tsohuwar unguwar da ta tara 'yan Nijar da Mali da Senegal da Burkina da Najeriya. Yanzu ya haura shekara 70, kuma kusan shekara goma ke nan da aka ce yana da hawan jini, ko tansiyo kamar yadda suke faɗa a can.

Na tambaye shi ina ƙwayoyin da asibiti suka ɗora shi a kai. Ya yi dariya ya ce wata huɗu ke nan rabonsa da su.

Dalilansa ba na banza ba ne, kuma na san tsofaffi da yawa a Katsina da Kano za su ce su ma haka ne. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin tana sa shi yawan fitsari, har alwalarsa ba ta kai shi daga Azahar zuwa La'asar. Ɗayar kuma tana kumbura masa ƙafa, takalmi ya daina shiga. Abin da ya fi ci masa rai shi ne an ce zai sha su har ƙarshen rayuwarsa.

"Wane irin magani ne ba ya warkarwa?" in ji shi.

Ana cikin haka wani yaron maƙwabta, wanda ya gama jami'a bai samu aiki ba, ya tare shi a ƙofar masallaci da wannan kwalba. Ya ce masa daga Turai take, tsantsar ganye ce, babu sinadari, tana wanke jijiyoyi, wata shida in ya yi yana sha ya rabu da tansiyo har abada. A can ana kiran irin waɗannan kaya kwampileman, wato ƙarin abinci: ƙwayoyi ko gari ko ruwa da ake sha don cike giɓin abin da abinci bai bayar ba.

Na ce wa Kawu ko za mu leƙa farmasi a auna shi, tunda yawancinsu suna da na'urar. Ya dube ni ya ce jikinsa ne, shi ya fi kowa sanin sa, ba ciwon kai ba jiri. Ya ƙara da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na ja bakina na yi shiru. Har yau ina jin haushin wannan shirun.

Abin da ke rubuce a bayan kwalba

Da dare na sa taubashina, babban ɗan Kawu wanda ya yi boko da Faransanci, ya karanta mini ƙananan rubutun da ke bayan kwalbar. A ciki akwai garin tafarnuwa, da ganyen zaitun, da magnesiyam, da wasu bitamin. Can ƙasa, da rubutun da sai ka matso da fitila, an ce wannan ba magani ba ne, kuma ba ya maye gurbin cin abinci mai kyau. Ko sau ɗaya ba a ambaci hawan jini ba.

Kamfanin bai yi alkawarin komai a rubuce ba. Duk alkawarin a bakin yaron yake.

Haka dokar waɗannan kaya take a ƙasashen da suka fi yin su. A Amurka, dokar 1994 ta ba kamfani damar fitar da ƙarin abinci kasuwa ba tare da ya fara tabbatar wa hukuma cewa yana aiki ba, muddin bai ce yana warkar da wata cuta ba. Magani kuwa sai ya bi gwaji a kan mutane kafin a yarda a sayar da shi. Kwalbar ƙarin abinci da kwalin magani suna iya zama a kanta ɗaya, amma ba ƙofa ɗaya suka biyo ba.

Ba wai abin da ke cikin kwalbar shirme ba ne gaba ɗaya. Tafarnuwa an gwada ta, kuma binciken da aka tattara ya nuna tana ɗan sauke jini ga masu hawan jini, kodayake yawancin gwajin ƙanana ne kuma na 'yan watanni. Magnesiyam, a wani nazari na 2016 da ya haɗa gwaje-gwaje 34, ya sauke lambar sama da kusan maki 2 kacal. Man kifi ma kusan haka, idan an sha giram 2 zuwa 3 a rana. Bitamin D kuwa, da aka tattara gwajinsa a 2015, ba a ga ya sauke komai ba.

Maki 2 ke nan, ga mutumin da jininsa ya haura da maki 40 ko 50.

Wata hanya ta Ajame

Washegari na bi taubashina zuwa rumfarsu. Muka hau bas ɗin SOTRA, muka tsallake gada kan ruwan Ebiriye, muka ratsa Filato mai dogayen benaye, sai ga mu a cikin hayaniyar Ajame. Wanda ya san Kantin Kwari da Sabon Gari da tashar Unguwa Uku, to ya haɗa su wuri ɗaya ya ƙara musu ruwan sama. 'Yan kamashon gbaka suna ta kiran unguwanni, masu tura baro suna ta "hanya, hanya" da yaruka uku.

A nan ne kasuwar Roxy take, wadda ta yi suna a duk Afirka ta Yamma wajen sayar da magani a titi. Yawancin masu sayarwar mata ne, da kwanduna da tire cike da ƙwayoyi kala-kala, wasu a rana tun safe. Hukumomi sun sha kai samame suna kwashe kaya, bayan ƙura ta lafa kasuwa ta sake ci. Ƙasar tana da hukumar kula da magunguna, AIRP, wadda dokar 2017 ta kafa, amma mai kwando a ka ba ya jiran takardar kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa kashi ɗaya cikin goma na magunguna a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marasa inganci.

Na tsaya gaban wata mata na ce ina neman maganin tansiyo na tsoho. Ba ta tambaye ni shekarunsa ba, balle ko yana da ciwon suga ko na ƙoda. Ta jero mini abu huɗu: wani shayi a kwali da rubutun Sin, da kafson tafarnuwa, da garin zogale a leda, da wani ruwa baƙi a gorar roba wanda ta ce yana maganin tansiyo da basir da sanyi da raunin mazakuta. Da na yi jim, sai ta ciro wasu ƙwayoyi a sace ta ce ko na asibiti nake so.

A gefen tiren nata akwai diclofenac da ibuprofen, waɗanda tsofaffinmu ke haɗiya kamar gyaɗa saboda ciwon gwiwa da baya. Waɗannan suna ɗaga jini, suna rage ƙarfin maganin hawan jini, kuma suna wahalar da ƙoda. Taubashina ya ce Kawu ba ya rabuwa da su a aljihu.

Yaron da ya sayar wa Kawu kwalba ba a Roxy yake ba, kuma zai ji haushi idan aka haɗa shi da su. Yana sa kwat, yana da katin shaida da littafi mai hotunan jijiyoyi. Na zauna da shi daga baya. Ya ce sai da ya ci bashi ya sayi kayan farko kafin a yi masa rajista, kuma duk wata dole ya sayi wani adadi ko matsayinsa ya faɗi. Mahaifiyarsa ma yana ba ta tana sha. Ban ga alamar mugunta a tare da shi ba. An koya masa magana a ɗakin taron wani otal, shi kuma ya haddace.

Asubahin Alhamis

Kwana biyar bayan haka, da aka idar da sallar Asuba, Kawu ya kasa riƙe carbinsa da hannun hagu. Ya buɗe baki zai yi magana, harshe ya yi nauyi. Kafin mu samu tasi abin ya sake shi, bai fi minti goma sha biyar ba, har ya fara cewa a bar shi ya kwanta, iska ce ta buge shi. Hajiya, uwargidansa, ita ta tsaya kai da fata.

"Alhaji, wallahi ko ka shiga motar nan ko in tara maka 'yan masallaci."

Allah ya taimake mu asibitin zuciya na ƙasar, Institut de Cardiologie d'Abidjan, a nan Tireshbil yake, cikin harabar babban asibitin koyarwa. Da aka auna shi aka ce 19 da 11. A ƙasashen Faransanci haka suke faɗa. A Najeriya sai a ce 190 bisa 110. Hawan jini yana farawa ne daga 14 da 9, wato 140 bisa 90.

Likitar da ta duba shi ta yi bayani, taubashina yana fassarawa. Ta ce abin da ya same shi gargaɗi ne na shanyewar ɓarin jiki: jini ya yanke wa wani sashe na ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci ya dawo, kuma kwanakin farko bayan haka su ne mafi haɗari. Ta ce hawan jini ba ya sallama, mutum yana iya kai 19 yana cin kasuwarsa lafiya lau. Ga tsoho kuma jijiyoyi sun riga sun yi tauri, shi ya sa lambar sama ke hawa.

Da muka nuna mata kwalbar ta juya ta, ta karanta, ta ajiye. Ba ta yi faɗa ba. Ta tambayi Kawu, "Baba, me ya sa ka bar maganinka?" Ya gaya mata zancen alwala da ƙafa. Ta ce ai da ya dawo ya faɗa, da an canja masa tuntuni, domin magungunan hawan jini iri-iri ne. Aka yi masa hoton kai da gwajin ƙoda da na suga, aka sake masa haɗi, aka cire mai sa fitsarin. Kuɗin maganin wata guda a farmasi bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin kwalbar ba.

Wannan haɗi da ake yi wa baƙar fata ba da ka ake yin sa ba. A 2019 an wallafa wani gwaji da Dakta Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashe shida na Afirka, kan mutum sama da 700, wanda ya nuna haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi sauke jini. Masu cewa tsoho ya wuce shan magani kuma, an yi wani gwaji da aka fitar a 2008 kan waɗanda suka kai shekara 80 zuwa sama: waɗanda aka ba magani, mace-mace a cikinsu ta ragu da kashi 21 cikin 100. Babu wani kafson ganye da ke da irin wannan shaida.

Abin da ke cikin tukunya

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne likitar ta fi daɗewa a kan abincin Kawu fiye da kwalbar. Ta sa Hajiya ta lissafa abin da yake ci tun daga safe.

Da hantsi garba. Wanda bai san Abijan ba, garba aceke ne, wato wani dambun rogo, da soyayyen kifin tuna da tattasai da albasa, a barbaɗa gishiri a murmushe magi a kai. 'Yan Nijar ne suka yi suna da sayar da shi, sunan ma namu ne. Kawu ya sayar da shi shekaru, kuma bai taɓa daina ci ba. Da rana shinkafa da miya mai magi uku ko huɗu da busasshen kifi. Da dare tuwo da miyar kuka ko kuɓewa, da kanwa. Tsakanin haka goro, wanda ba ya yankewa a bakinsa, don daga Anyama ake kawo masa shi ɗanye shar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, ƙasa da ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a haɗa da wanda ke ɓoye cikin abinci. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Kawu yana cinye rabonsa na yini tun kafin Azahar.

Zancen kanwa kuwa ya kamata kowace uwargida ta ji shi. A Abijan ana kiran ta potas, sai mutane suke ɗauka ita ce potasiyam ɗin da ake cewa yana sauke jini. Hajiya ma har jiƙa masa take yi ya sha don ciki. Alhali kanwar da ake haƙowa a yankin tafkin Chadi da Nijar yawancinta sodiyam ce, sinadarin nan dai da ke cikin gishiri wanda ke ɗaga jini. Goro kuma yana da kafin, irin na kofi, yana ɗaga jini na ɗan lokaci bayan an ci.

Potasiyam na gaskiya yana cikin ayaba da agada da wake da dankali da alayyafo da tumatir, duk ga su jibge a kasuwar Ajame. A kansa ne aka yi gwaji mafi girma da ya shafi tsofaffi. A ƙauyuka 600 na ƙasar Sin an bi mutum kusan 21,000, waɗanda suka taɓa samun shanyewar jiki ko suka kai shekara 60 da hawan jini, na kusan shekara biyar. Rabinsu aka ba su gishirin da aka cire kashi ɗaya cikin huɗu aka sa potasiyam a madadinsa. Sakamakon da aka fitar a 2021 ya nuna shanyewar jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100, mace-mace da kashi 12.

Ina jin haka na ce to mu nemo masa irin wannan gishiri. Likitar ta ce a'a. Gwajin Kawu ya nuna ƙodarsa ta fara rauni, kuma ɗaya daga cikin sababbin ƙwayoyinsa tana riƙe potasiyam a jiki. Idan ya taru da yawa yana iya tsayar da zuciya. A gwajin na Sin ma ba a sa masu ciwon ƙoda mai tsanani ba. Ta kuma hana shi kafson tafarnuwar, saboda an ɗora shi a kan maganin da ke hana jini daskarewa, haɗa su na iya jawo zubar jini. Tafarnuwar miya ta ce ba laifi.

Na ga dai abin da ya amfani wani tsoho yana iya kwantar da wani, kuma mai tire a Roxy ko mai kwat a ƙofar masallaci babu wanda zai auna maka ƙoda.

Sai zoɓo, wanda suke kira bisap. Shi kam yana da abin faɗa. A Jami'ar Tufts ta Amurka an ba mutum 65 masu ɗan hawan jini kofi uku a rana na mako shida, lambar sama ta sauka da kusan maki 7 ga masu shan zoɓon, a sakamakon da aka wallafa a 2010. A Senegal ma an gwada shi tare da kinkeliba, wato geza, aka kwatanta su da ƙwayar ramipril na mako huɗu: duka biyun sun sauke jini, amma ƙwayar ta fi su. Waɗanda aka gwada ɗin masu hawan jini ne mara tsanani, ba irin Kawu ba. Kuma zoɓon gwaji ba shi da suga. Wanda ake ƙullawa a leda a tashar Ajame, sugan da ke cikinsa ya isa ya buɗe wa tsoho wata sabuwar cutar. Likitar ta yarda Hajiya ta riƙa dafa masa kofi ɗaya ko biyu ba suga, bisa sharaɗin yana shan ƙwayoyinsa kuma ana auna shi, don kada jinin ya faɗi ya riƙa jiri in ya miƙe. Faɗuwar tsoho a banɗaki ma wata musiba ce.

Kwano guda na busasshen zoɓo a kasuwar Tireshbil ya ishe shi wata, da canjin da bai kai kuɗin tasi ba.

Kafin in taho mun saya masa na'urar awo ta hannu, kuɗinta bai kai na kwalba ɗaya ba, da ƙaramin littafi da jikarsa ke rubuta lamba safe da yamma. Taubashina ya shiga neman masa katin inshorar lafiya ta ƙasa, CMU, wadda ake biyan sefa 1,000 a wata. Yaron maƙwabta ya zo gaisuwa da lemo, ya zauna kansa a ƙasa. Kawu bai ce masa komai ba sai "Allah ya sa kaffara ne." Har yanzu yaron yana bin sa bashin jika 15 na kwalbar ƙarshe, kuma Kawu ya rantse sai ya biya, wai shi ya karɓa da hannunsa.

Makon jiya na kira shi. Jikar ta karanto mini 14 da 8. Ya karɓe wayar ya ce garba sau ɗaya yake ci a mako yanzu, ranar Juma'a, kuma Hajiya ta mayar da miyar gidan kamar ta asibiti.

"In akwai mai zuwa, ka aiko mini da daddawar Katsina mai kyau, ko miyar nan ta yi ɗanɗano. Kuma ka gaya wa uwarka ta je a auna ta, don tansiyon nan a gidanmu yake."